Sarƙar roba a ƙafar T-34: aikin da muka yi ni da Auta

A cikin gwangwanin alewa Auta ya kawo min ita, ya shimfiɗa mata auduga a ƙasa. Tankar yaƙi ce ƙirar T-34/85, irin ƙananan nan da ake sayarwa gutsattsari a kwali, mutum ya zauna ya haɗa da hannunsa. Ma'auninta 1/72 ne, wato duk abin da ya kai santimita 72 a jikin tankar gaske an mayar da shi santimita 1, don haka gangar jikinta ba ta wuce santimita 8 da rabi ba. Shi Auta, autan babbar yayata ne, shekararsa 14. Mahaifinsa ya tsinto masa kwalin a wata kasuwar tsofaffin kaya a Ingila, kwalin har ya fara yin ja saboda daɗewa.

"Kawu, na ɓata ta," abin da ya fara cewa ke nan, idonsa a ƙasa.

Bai ɓata ta ba. Gangar jikin ta haɗu tsaf, bindigar a miƙe take, babu dabbaren gam ko ɗaya a kan da ke juyawa. Yaro mai hannu ne. A ƙafa aka samu matsala, inda kusan kowa yake fara tuntuɓe a wannan sana'a. Na ɗauko tabarau mai ƙara girma na duba ɓarnar. Tayar gaba ta hagu ta karye daga sandarta, tana lilo a cikin sarƙa, wato abin nan da ke zagaye tayoyi, wanda tanka take tafiya a kansa. Bakin sarƙar dama ya narke ya dunƙule kamar ƙulli, gaɓoɓi biyu sun tafi. A saman tayoyin kuma ga farin bushi na supa gulu, amma sarƙar da aka so ya riƙe ta ɓalle ta yi sama kamar baka.

Akwai abu na huɗu da shi bai lura da shi ba. A ƙarƙashin cikin tankar na ga wani layi mai ƙyalli, ɗan zurfi kaɗan, da zanen gaɓoɓin sarƙa kwance a cikinsa. Na sa farce, wurin ya yi laushi. Shekarun da kwalin ya yi a rufe, sarƙar tana kwance a kan wannan ɓangaren, ta ci shi. Wannan layin ne ya gaya min irin robar da muke fama da ita.

Mu a Hausa duka roba muke cewa. Bokiti roba, tayar mota roba, takalmi roba, leda ma 'yar uwarsu ce. To a cikin kwalin nan robobi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Jikin tanka da tayoyinta an yi su da polistirin, roba mai tauri da ke karyewa ƙas idan an lanƙwasa. Gam ɗin da ake haɗa ta da shi ba manne yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, kamar walda. Sarƙar kuwa roba ce mai laushi, galibi PVC ko polietilin, kuma wancan gam ko a jikinta. Auta ya ce ya shafa sau uku, yana bushewa sarƙar tana rabuwa. Dole ta rabu.

Gane wacce ce a cikin biyun ba shi da wuya. Na yanki ɗan guntu daga sandar da sarƙar ta zo a maƙale da ita, na jefa a kofin ruwa, na danna shi da tsinke don kumfar iska ta sake shi. Polietilin ya fi ruwa sauƙi, yana tasowa. PVC ya fi ruwa nauyi. Namu ya nutse har ƙasa. PVC asalinsa mai tauri ne, irin na bututun ruwa, sai an cakuɗa shi da wani sinadari mai kama da mai yake yin laushi. Wannan man ba ya zama wuri ɗaya, a hankali yake tsatsowa, idan ya samu polistirin a kusa sai ya shige shi ya narkar da shi. Duk wanda ya taɓa barin abin goge fensir a kan rular roba cikin akwatin lissafi, ya dawo bayan dogon hutu ya tarar sun manne, rular ta yi rami, ya ga wannan aiki da idonsa. Zafi yana hanzarta shi. Kuma yayin da man yake fita, ita sarƙar tana ƙara tauri tana ɗan tsukewa. Mai yiwuwa ranar da aka zuba ta a kwali daidai take, tsufa ne ya rage mata tsawo.

Kafin mu taɓa komai na sa Auta ya zauna muka kalli hotunan T-34 na gaske, na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da na gidajen tarihi. Ina ganin nan ne gyara yake farawa, domin wanda bai san yadda abin yake a jikin tankar gaske ba, ba zai san me yake nema ba. An ƙera T-34, tankar Tarayyar Soviet, a birnin Kharkiv na Yukiren ƙarƙashin jagorancin injiniya Mikhail Koshkin, aka fara fitar da ita a 1940, mai bindiga milimita 85 kuma ta shiga fage a 1944. Manyan tayoyi 5 gare ta kowane gefe, kowace faɗinta milimita 830, kuma kowace tagwaye ce, faifai biyu da rata a tsakani. Tayar da ke jan sarƙa tana baya, ta gaba kuwa aikinta ɗaure sarƙar. Babu ƙananan tayoyi a sama masu tallafe ta. Sarƙar tana barin tayar baya ta gangaro ta kwanta a kan manyan tayoyin, sannan ta ɗan hau zuwa ta gaba. Faɗinta milimita 500, gaɓoɓi 72, ɗaya mai ƙaho ɗaya marar ƙaho, haka suke bin juna, ƙahon yana bi ta ratar da ke tsakanin tagwayen faifan. Ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin ko ɗaure su ba a yi ba, wani ɗan tudun ƙarfe ne a jikin tankar ta baya yake buga duk wadda ta zamo ta koma ciki. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, kowace gaɓa tana lanƙwasa yadda ta ga dama, kuma gefe ɗaya kaɗai ya kai wajen tan guda. Nauyi ne yake kwantar da ita.

A nan lissafi ya yi mana amfani, kuma Auta da kansa ya buga shi a waya. Idan aka rage tsawo sau 72, nauyi ba sau 72 yake raguwa ba, sau 72 ne a tsawo, 72 a faɗi, 72 a kauri, jimilla 373,248. Tan guda ya koma ƙasa da giram 3, shi ma in da ƙarfe aka yi ta. Ta roba ba ta kai giram 1 ba. Ga ta kuma ɗauri guda ce, babu gaɓar da ke motsi da kanta, kullum so take ta zama zobe. Yaya za a yi abu irin wannan ya kwanta don kansa? Nauyin da ba ta da shi, mai haɗawa ne zai samar mata ta wata hanya da ido ba zai gani ba.

Shi ya sa nake ganin ba kowace tanka ce ta dace a fara da ita ba. Sherman ta Amurka gaɓoɓinta akwai roba a mahaɗarsu, tana da ƙananan tayoyi a sama, sarƙarta a ɗaure take tam, don haka zoben roba yana kama da gaskiya a jikinta ba tare da wahala ba. Churchill ta Ingila kuwa, a yawancin ƙirarta rufi ya ɓoye saman sarƙar. T-34, da Tiger da Panther na Jamus, su ne masu tona asiri. Ita kanta sarƙar roba tsohuwar dabara ce. Masana'antar Airfix ta Ingila ta fara fitar da tankokinta na 1/76 a 1961, ma'aunin da ya dace da jiragen ƙasan wasa na can, a shekarun 1970 kuma Matchbox, da ESCI ta Italiya, da Hasegawa ta Japan suka shigo. Yara ake yi wa kayan a lokacin, kuma zobe ɗaya ya fi arha, ya fi sauƙi a hannun yaro a kan gaɓoɓi 72. Yau akwai sarƙa mai tauri da ke zuwa yanki-yanki a haɗa da gam, akwai irin ta kamfanin Dragon da suke kira DS, mai laushi amma tana karɓar gam ɗin polistirin, akwai kuma wadda ake bugawa da injin 3D. Mu dai abin da ke gabanmu shi ne abin da ke cikin gwangwani.

Na tambaye shi yadda aka yi tayar ta karye. Ya ce ya haɗa bakin sarƙar hagu ya yi zobe, ya saƙala a tayar baya, ya ja da ƙarfi don ya haura da ita kan ta gaba, kamar yadda ake mayar da sarƙar keke. Ta hau. Da safe ya tarar tayar a karye. Sandar da ke riƙe da ita ba ta fi kaurin tsinken ashana ba, ga gam bai gama bushewa ba, ga roba tana ja dare guda. Ta dama kuma takardar bayani ce ya bi: an zana ƙananan ƙusoshin roba biyu da za su shiga ramuka biyu, a ɗora musu bakin sukudireba mai zafi su baje. Dabarar tana aiki a manyan samfura na 1/35. A nan faɗin sarƙar gaba ɗaya milimita 7 ne, ƙusoshin kamar ƙwayar gero, shi kuwa ya bar sukudireban a kan kyandir har ya yi baƙi. Garin neman gira aka rasa ido. Ya ce hayaƙin ya shaƙe shi, na ce kada ya kuma, hayaƙin PVC yana da guba, ba abin shaƙa ba ne ko kaɗan.

Sai awo. Na zagaya zare a kan tayoyin dama, na bi da shi yadda sarƙar gaske take bi, a kwance kan manyan tayoyi, na yi alama na miƙe shi a kan rula: milimita 173. Abin sha'awa, tazarar gaɓar T-34 milimita 172 ce, gaɓoɓin kuma 72, don haka a wannan ma'auni tsawon sarƙar gaske yana fitowa milimita 172 cif. Tayoyin kwalin suna inda ya kamata ke nan. Sarƙar hagu kuwa 170 ta ba mu. Milimita 3 kacal, su suka karya taya. Ta dama, da gaɓoɓi biyun da wuta ta ci, ta gaza da kusan 8.

Akwai masu jiƙa sarƙa a ruwan zafi su ja ta har ta ƙara tsawo. Ba na so. Ba ta miƙewa daidai, wurin da ya fi siriri shi yake ja, gaɓoɓi su bambanta, bayan kwanaki kuma ta fara komawa gidan jiya tana jan tayoyin. Tankar gaske ta riga ta nuna hanya: tayar gabanta a kan wani hannu mai juyawa take, da shi sojoji suke ɗaure sarƙa ko su sassauta ta. Matsar da ita baya ba ƙarya ba ne. Kuma da yake sarƙa tana bi ta sama ta dawo ta ƙasa, matsin milimita 1 yana ba da sassaucin 2.

Na ce masa za mu yanke tayar dama ma, mai lafiyar, don gefen biyu su daidaita.

"Kawu, ita ce fa kaɗai ban karya ba."

"Na sani, Auta. Riƙe rezar, kai za ka yanke."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya sa hannu. Ya yanke ta tsaf. Muka goge wurin, na auna milimita 1 baya na yi alama da bakin allura, na huda da ɗan siririn abin huji mai kaurin milimita 0.8 da ake murzawa da yatsu. Muka yanko waya daga maƙalin takarda, ta ratsa gangar jikin daga wannan gefe zuwa wancan, sanda ɗaya ta ɗauki tayoyin biyu. Ɗigon supa gulu a kowane gefe, aka bar ta ta kwana. Ƙarfe da polistirin, a nan supa gulu yake da ƙarfinsa.

Washegari muka yi wa sarƙar wanka da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano da tsohon buroshin haƙori, don maiƙon jikinta ya fita. Na kafa ƙusoshi a kan guntun katako, kowace a inda taya take, wasu kuma a sama suna danne ta, muka zagaya sarƙar a kai, muka zuba mata ruwa daga fulas, mai zafin da hannu ba zai iya zama a ciki ba. Bayan minti ɗaya muka tsoma katakon a ruwan sanyi. Ba a yin wannan a jikin tankar, zafin zai iya murɗe siraran ɓangarorinta. Sarƙar ta fito da lanƙwasar gaba da baya a jikinta, ba duka ta riƙe ba, amma ta daina faɗa da mu. Ƙahonin kuma sun fi ratar tagwayen tayoyi kauri, shi ya sa tun farko take ɗagewa. Muka fefe gefensu da reza, waɗanda za su zagaya tayar baya da ta gaba muka yanke su gaba ɗaya, tunda babu mai ganinsu a can.

Saboda wancan layi da na gani a cikin tankar, ban yarda roba ta taɓa roba kai tsaye ba. Muka yi wa tayoyin fenti mai haɗin ruwa, muka bi da shafi biyu na man ƙyalli shi ma mai haɗin ruwa, sannan a daidai inda sarƙa za ta zauna na liƙa siririn yankin takardar alminiyam ta cikin kwalin cakulan. Fenti yana rage tafiyar man, ƙarfe kuwa yana tare shi. Ita ma sarƙar fenti mai haɗin ruwa muka yi mata, ruwan ƙasa mai duhu. Fentin mai a kan PVC yana iya yin watanni yana danƙo. Gam ɗin masu gyaran takalmi da Auta ya kawo shawara na hana, domin ruwan da ke cikinsa yana cin polistirin.

Ɗinkin, gaskiya, ba ni na fi iyawa ba. Yaya ta zo ɗaukar yaron ta tarar da ni ina kokawa da allura, ta karɓa.

"Kawo nan. Wannan allurar ta yi kauri, za ta tsaga abin."

Ta buɗe jaka ta ciro irin siririyar da ake ɗinka duwatsun ado da ita, da baƙin zaren nailan. Ta huda kusa da bakin gaɓa amma ba a gefe sosai ba, ta ratsa sau uku a kowane ɓari, ta bi da zaren ta cikin kwarin zanen gaɓar yadda ya nutse ba a ganinsa, ƙullin ya faɗa ta ciki. Na ce ta bar ratar milimita 1 tsakanin bakunan, kada ta tsuke. Ta dube ni, ta ce ɗinki da rata ba ɗinki ba ne. Na nuna mata inda zai zauna, a ƙasa, ƙarƙashin taya ta uku, inda tankar za ta taka shi. Ta gyaɗa kai ta ƙulla.

Gefen dama ne ya sa Auta ya canza tunani. Shi a ganinsa dole sarƙa ta zama zobe, domin ta gaske zobe ce. Amma wannan tankar ba tafiya za ta yi ba, a kan kanta za ta zauna. Idan kowane yanki na sarƙar yana ɗaure da tayar da ke kusa da shi, babu abin da zoben yake ƙarawa sai ja. T-34/85 tana ɗaukar gaɓoɓin ajiya a ƙirjinta, kwalin ma ya zo da su, na roba mai tauri. Muka yanko biyu, mai ƙaho da marar ƙaho don jerin ya tafi daidai, muka manna su a ƙarƙashin taya ta uku, bakunan sarƙar suka zo suka same su ta gaba da ta baya. Abin da sojoji suke ɗauke da su dominsa ke nan.

Saura kwantar da saman. Nan muka fi daɗewa, kuma nan ne tankar ta tashi daga abin wasa. A daidai taya ta biyu, ta uku da ta huɗu, na soka allura ta saman sarƙa, zaren ya sauka ta ratar tagwayen faifai, ya zagaya sandar tayar, ya dawo sama ta rami na biyu. Ja a hankali, har sarƙar ta sumbaci tayar, sannan ƙulli, sannan ɗigon supa gulu da bakin tsinken sakace a kan ƙullin kaɗai. Farin bushin da ya ɓata aikin Auta na farko tururin gam ne da ya yi yawa a wurin da iska ba ta shiga. Tsakanin tayar baya da ta biyar na bar sarƙar ta gangaro a hankali, ban karya ta ba, na cusa ɗan soso tsakaninta da rufin da ke samanta ya kwana biyu. A gefen hagu, kusa da tayar gaba, ta ƙi, kullum sai ta kumburo. Na huda jikin tankar dab da saman sarƙar, na sa guntuwar waya da ta fito milimita 3 tana danne ta, na shafa mata baƙin fenti. Sai wanda ya kwantar da kansa a kan tebur zai gan ta.

Auta ya goga bakin fensir a kan tudun gaɓoɓin suka yi ƙyallin ƙarfen da ya sha hanya. Da aka zo taɓo ya ɗebo jar ƙasa daga bakin ƙofa. Na ce yawancin inda wannan tankar ta yi yaƙi a Yukiren baƙar ƙasa ce, sai ya daka gawayi ya tankaɗe da tsohon rariyar shayi, ya gauraya da ƙasar da farin gam na katako da ruwa kaɗan. Ya shafa a ƙasan tayoyi da ɗan buroshi, ratar ɗinkin Yaya da gaɓoɓin aro duk suka shige ciki.

Watanni bakwai ke nan. Tana cikin kabad mai gilashi a ɗakin Yaya, nesa da taga, a kan guntun kwali mai kauri don kada sarƙar ta taɓa fentin katakon. Ta wuce bazara guda. Makon jiya na ɗauko ta na juya: tayoyin gaba suna tsaye, zaren bai saki ba, fentin bai yi danƙo ba. A taya ta biyar ta dama, inda takardar alminiyam ta ɗan zame tun ranar ɗauri, na ga ɗigon ƙyalli kamar kan allura a bakin tayar. Na ɗaga sarƙar da tsinke, Auta ya tura sabon yanki da hantsaki, muka mayar da ita kabad.